Me Ya Sa Amurkawa Ke Yi wa Bindiga Mai Araha Kwaskwarima?

A Amurka akwai masu sha'awar sayen ƙaramar bindiga mai araha, su riƙa sauya mata sassa kamar yadda samarinmu ke yi wa babur ado. Galibi da samfurin Glock ake yi, bindigar ƙasar Austiriya da ta fito a 1982. Da wa'adin haƙƙin mallakar tsohuwar ƙirarta ya ƙare, sai kamfanoni irin su Palmetto State Armory suka shiga fitar da irinta a kan kusan dala 300.

Dokarsu ce ta buɗe wannan kasuwa. Gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita ce "bindiga" a idon doka. Saiti da bututu da sauran tarkace kuwa, a yawancin jihohi ta intanet ake odarsu.

Amma fa araha ba ta ado. Kafin mutum ya ankara, kuɗin sassan sun zarce na bindigar. Ga kuma darasi ga 'yan sashen injiniya: kowane kamfani yana da ɗan bambancin awo da ya lamunta. Idan aka haɗa sassan kamfanoni huɗu, bambance-bambancen sai su taru, bindigar ta riƙa cijewa. Wanda kuma ya sassauta kunamarta fiye da kima, tana iya tashi bai shirya ba.

Don Allah kada wani ya gani a YouTube ya ce zai gwada a wokshop. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe fistol sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ƙerawa ba izini kuwa hanyar gidan yari ce. Mu ɗauki darasin awon, mu bar musu bindigar.