Doki Na Son Fili: Abin Da Awo Ya Nuna Mana A Alajo

Bayan Babbar Sallah kawuna ya kira ni Alajo. Dokinsa ne ya zame a kan kwalta, gwiwa ta kumbura, yaron da ke kai ya sha da ƙyar. Ya ce, "Ɗana, zo ka auna mini fulotin nan, mu daina wahalar da dabba a titi."

Muka ja igiyar awo: ƙafa 100 da 70, wato kusan mita 30 da 21. Na ce, "Kawu, ai bai kai ba." Ƙaramin filin horar da doki da aka sani a duniya mita 40 ne da 20, babban kuma 60 da 20. In fili ya matse, doki kullum cikin shan kwana yake, ƙafafunsa ne ke jin jiki.

Muka haƙura da sukuwa, muka shata da'ira mai faɗin mita 18. Ta isa koya wa doki tafiya da sassarfa.

Saura ruwa. Alajo na bakin rafin Odaw, ambaliya ba baƙuwa ba ce. Kafin a kafa shinge, sai mun cike ƙasa mun fitar da magudana.