Kafin a dasa kyamara a kan titi, ina dokarta?

Tun da gwamnatin Jihar Legas ta sanar a watan Fabrairun 2025 cewa ta kafa kyamarori masu kama gudun wuce sa'a da tsallake danja, na sha jin ana tafka muhawara a kai, har a teburin mai shayi. Sanarwar ta ce iyakar gudu a Alapere kilomita 80 ce a awa, a titin Mobolaji Bank Anthony kuwa 60. Wanda ya zarce zai biya tarar Naira 50,000, wanda ya tsallake jar danja Naira 20,000, kuma saƙon tarar a wayarsa zai iske shi. Nan take mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce an samo sabuwar hanyar tatsar talaka, wasu suka ce a hanzarta kawo kyamarorin Arewa ko a huta da masu karɓar na goro a bakin shataletale. Dukansu sun yi gaggawa, domin har yanzu ban ji wanda ya tambayi dokar da wannan na'ura za ta tsaya a kanta ba.

Na'urorin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wayar da ake binnewa a cikin kwalta, mota na bi ta kanta ta ji ƙarfe ta ƙirga, wani lokaci ta sanar da danja ta ba da hannu. Wannan ba ta san kowa ba. Akwai mai auna gudu. Sai kuma kyamarar da ke karanta lambar mota, ta leƙa rumbun rajista, ta zaƙulo sunan mai motar da adireshinsa da lambar wayarsa. Ita ce abin tattaunawa, tunda idan aka jera irinta a cikin gari, a yini guda za a iya sanin asibitin da mutum ya je, da masallacin da ya yi Azahar, da gidan da ya kwana.

Wa ma ke da ikon kafa ta? Tsarin mulkin 1999 ya sa zirga-zirgar manyan hanyoyin tarayya a hannun gwamnatin tarayya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988. Jihohi suna da nasu hukumomin, irin su LASTMA a Legas da KAROTA a Kano. Jadawali na huɗu kuma ya ba ƙananan hukumomi kula da titunan cikin gari da fitilunsu da allunan talla. Ke nan turke guda a hanyar Zariya yana iya shafar gwamnatoci uku. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an VIO tsare motoci da ƙwace su da cin tara, saboda babu dokar da ta ba su wannan iko. In jami'i mai kaki bai isa ya ci tara ba sai da doka, ina ga ƙarfen da aka rataye a kan turke? Ga kuma sashe na 37 na tsarin mulki da ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023, ga sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 da ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saurin mantuwarmu. Ana ta maganar kyamara kamar yau ta sauka ƙasar nan, alhali mun taɓa saye, kuma da tsada. A shekarar 2010, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, wanda ya haɗa da kyamarori kimanin 2,000 masu aiki da hasken rana a Abuja da Legas. Kusan dala miliyan 400 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na Sin. An kakkafa turaku a manyan titunan Abuja, kowa ya gan su da farantan solarsu. Sannan bam ya tashi a hedikwatar 'yan sanda a watan Yunin 2011, ya tashi a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Agustan shekarar, ya tashi a tashar Nyanya a watan Afrilun 2014. Duk lokacin da hakan ta faru sai jama'a su tambaya: ina kyamarorin? A hankali aka sace batura da farantai, turakun suka zama wurin liƙa fastocin 'yan siyasa.

Majalisar Wakilai ta binciki lamarin ba sau ɗaya ba. A 2019 Ministar Kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta shaida wa 'yan majalisa cewa ana ci gaba da biyan bashin. Ƙungiyar SERAP ta kai ƙara, a watan Mayun 2023 kuma kotu ta umarci gwamnati ta bayyana yadda aka kashe kuɗin. Ku duba fa, an ci bashi da sunanmu, kyamarori sun mutu, bashin yana raye, har sai da alƙali ya sa baki kafin a nemi yi mana bayani. Abin da ya kashe aikin Abuja ya wuce matsalar fasaha. An sayi kaya ba a tanadi kuɗin gyara da mai gadi da mai amsa tambaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ya gudu, ba a ce masa matsoraci.

Akwai kuma matsalar da take tamu ta gida. Kyamara lamba take karantawa, ba ta san wanda ke kan sitiyari ba. A kasuwannin motocinmu mota tana wuce hannu uku ko huɗu, takarda tana nan da sunan mai ita na farko. Bawan Allah yana zaune a Funtuwa zai ga saƙon tara a kan motar da ya sayar shekaru biyar da suka wuce. Babura da yawa ba su da lamba kwata-kwata. Manya kuma sun saba lulluɓe lambarsu da baƙar leda su wuce da jiniya. In ba a gyara wannan ba, na'urar za ta riƙa kama mai bin ƙa'ida da ya yi rajista, ta bar mai taurin kai.

Sauran ƙasashe ma da rigima suka kai inda suke. A Jamus, kotun tsarin mulki ta soke a 2008 dokokin jihohi biyu da suka ba 'yan sanda damar karanta lambobin motoci barkatai, saboda ba su fayyace dalili da iyaka ba. A Ingila an daɗe ana shafa wa kyamarorin gudu launin rawaya don direba ya hango su daga nesa ya sassauta. Manufar a can a rage gawa a titi ce, kuma nan ne ya kamata mu ma mu dosa, domin gudun wuce sa'a yana sahun gaba a abubuwan da ke kashe mutane a hanyoyinmu.

Don haka ina kira ga majalisun dokokin jihohinmu, kada ku amince da kobo ɗaya na sayen kyamara sai kun ga doka a rubuce. Ta faɗi wanda ke ba da izinin kafawa, da dalilin zaɓen kowane wuri, wato yawan haɗarin da aka samu a can. Ta wajabta allon gargaɗi da Hausa da Turanci. Ta ƙayyade kwanakin da za a ajiye hoton wanda bai yi laifi ba kafin a goge, da wanda ke da ikon dubawa, da hukuncin ma'aikacin da ya sayar da bayanin mutane. Ta tilasta gwada ingancin na'urar lokaci-lokaci, ta buɗe ƙofar ƙorafi a gaban alƙali, ta kuma hana ɗan kwangila cin kaso daga kowace tara, domin wanda abincinsa ke cikin laifin mutane ba zai so laifi ya ragu ba. A kuma saka kuɗin gyara a kasafin kowace shekara.

Kai kuma mai karatu, in ka sayar da mota ko ka saya, je ka sauya sunan takarda tun kafin saƙon tara ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.