Kantin Unguwa a Filifin: Rumbun Marasa Rumbu

Bature na da kalma guda, "store", da ya ɗora wa kaya uku: wurin saye da sayarwa, tarin kayan da aka tanada, da kuma adana abu don gobe. Mu ma mun are ta, sai dai gefe ɗaya muka ɗauka, shi ya sa sito a bakinmu ɗakin ajiya ne kawai.

A wajen masu jin Tagalog a ƙasar Filifin kuwa, kowanne cikin ukun nan da sunansa. Kanti shi ne "tindahan", daga "tienda" ta Sifaniyanci, gadon mulkin Sifen da ya faro a 1565 ya ƙare a 1898. "Bodega", ɗakin ajiyar 'yan kasuwa, ita ma daga can ta fito. Amma rumbun shinkafa, "kamalig", da aikin adanawa, "imbak", na gida ne, domin manomi ya san tanadi tun kafin zuwan baƙi. Turanci ya kafu ne zamanin Amurkawa, waɗanda suka riƙe ƙasar har 1946.

Inda Tagalog da Turanci suka gauraya shi ne "sari-sari store". "Sari-sari" na nufin iri-iri. Ɗan kanti ne a gaban gida, galibi mace ke riƙe da shi, tana miƙo kaya ta taga mai ragar waya. A nan ake sayen "tingi", wato tsinke-tsinke: ƙwai ɗaya, karan sigari ɗaya, man girki na tukunyar yau, sabulun wanke kai na wanka guda. Idan aka lissafa, mai saye haka ya fi mai sayen kwali biyan tsada. Amma wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau, da me zai cika sito? Mai kanti ce ke yi wa unguwa ajiya, kowa ya zo ya ɗiba gwargwadon aljihunsa.

Amana ce ke riƙe da cinikin. Abokin ciniki na kullum "suki" ake kiransa, kalmar da ta shigo daga harshen Hokkiyen na fataken Sin. Shi ake ba "utang", wato bashi, a rubuta a littafi sai ranar albashi. Bashin nan kuwa yakan cinye jarin mai kanti, don haka a tagogi da yawa za ka tarar an manna "bawal ang utang", wato ba a ba da bashi.