Zanen Sanduna: Kada A Gwama Kwando Da Milimita

A ƙasashen Ikara, Makarfi da Kudan, noma shi ne ginshiƙin arziki, amma kowane amfani da irin ma'auninsa. Manomin Kurmin Kogi da kwando yake ƙirga tumatirinsa, masara kuwa da buhu. Mai rake a Makarfi da dami yake ciniki. Malamin gona yana auna fili da hekta, su kuma masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suna auna ruwan sama da milimita.

Duk waɗannan alƙaluma kan taru a teburin ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda zai zuba su a jadawalin kwamfuta irin su Excel, ya fitar da zanen sanduna domin manya su duba. Shi wannan zane, wani ɗan ƙasar Sikotilan, William Playfair, ya yaɗa shi a littafinsa na 1786, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: tsawon sanda shi ke nuna yawa. Saboda haka dole sandunan da ke jere su kasance ma'auninsu ɗaya.

A nan ne ake tuntuɓe. Ruwan shekara a yankin Zariya yakan kai kimanin milimita 1,000. Idan aka jera shi da masarar da hekta ta bayar, a ce tan 2, sandar ruwa za ta cika takarda, ta masara kuwa ta ɓace. Ita kwamfuta ba ruwanta, lamba kawai ta sani. Mai kallo sai ya ɗauka noma ya lalace, alhali kuwa zanen ne ya yi ƙarya.

Maganin abin iri uku ne. Na farko, a yi wa kowane ma'auni zanensa, a jera su da shekaru iri ɗaya. Na biyu, a ƙara layin ma'auni a hannun dama, a bar masara a sanduna, ruwa kuma a ja shi da layi, amma a rubuta ma'aunin kowane gefe ɓaro-ɓaro, kuma sanduna su tashi daga sifiri. Na uku, a ɗauki shekara guda a matsayin 100. Misali, in buhu ya tashi daga naira 20,000 zuwa 30,000, ya zama 150. In ruwa ya sauka daga milimita 1,000 zuwa 900, ya zama 90.

Kafin duk wannan, wajibi ne a mayar da kwando da buhu zuwa kilo, domin kwandon wata kasuwa ba lallai ya yi daidai da na wata ba.

Ya kamata ma'aikata da ɗalibai su riƙe wannan da kyau, domin da irin waɗannan takardu ake tsara kasafi da rabon taki. In zane ya karkace a ofis, manomi ne zai sha wuyarsa a gona.