Tseren keke a Zamfara: Wasan da ya dogara ga lafiyar hanya

Ana iya buga ƙwallon ƙafa a cikin fili mai shinge, haka ma dambe da kokawa a dandali. Tseren keke kuwa ba ya yiwuwa sai da doguwar hanya wadda jama'a suka aminta da ita, kuma wannan ita ce babbar matsalar da ke gaban duk mai sha'awar wasan a jihar Zamfara.

A birane irin su Legas da Abuja, akwai ƙungiyoyin masu hawan keke da kan haɗu da sanyin safiyar Asabar ko Lahadi. Yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, ba sana'arsu ba ce, kuma ba kuɗi suke nema ba.

Abin da ke haɗa su shi ne motsa jiki da sada zumunci. Bayan an gama tsere akan zauna a karya kumallo tare, a yi ta muhawara kan wanda ya riga wani.

Yadda ake tseren

Tseren keke ba wasan mutum ɗaya ba ne, ko da yake mutum ɗaya ne ke lashe shi.

Babban abokin gaban mai keke shi ne iska. Wanda ke gaba shi ke keta ta, na bayansa kuma yakan rage kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe. Shi ya sa mahaya ke tafiya a dunƙule, suna karɓa-karɓar jan gaba, sai an kusa ƙarshe kowa ya fitar da ƙarfin da ya adana.

Tafiya a dunƙule tana buƙatar yarda da juna, domin in ɗaya ya taka birki ba zato, da yawa za su zube. Saboda haka ne abota ke saurin ƙulluwa a tsakanin mahaya.

Gasar masu sha'awa ba ta buƙatar gini ko makudan kuɗi. Ana buƙatar titi mai kyau, da jami'an da za su tsare motoci, da hular kwano, da ruwan sha, da motar da za ta biyo baya don ɗaukar wanda ya ji rauni.

Daga Tsafe zuwa Bungudu

A taswira, Zamfara tana da hanyar da ta dace da wannan. Babban titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe, ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, sannan ya miƙe zuwa Bungudu a kan hanyar Sakkwato. Tsawon wannan yanki bai kai kilomita 100 ba, wato tafiyar da gogaggen mahayi zai iya yi tsakanin asuba da hantsi.

Keke ma ba baƙo ba ne a yankin. Tun lokacin da cinikin gyada da auduga ya bunƙasa, bayan isowar layin dogo Gusau a ƙarshen shekarun 1920, keke ya zama abin hawan malamin makaranta da ɗan kasuwa da manomin da kaka ta yi wa kyau. Samfurin Raleigh na Ingila ya yi suna, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa.

Daga baya babura suka ture shi gefe. Amma bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da dama a arewacin Najeriya suka sake kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Matsalar tsaro

Sai dai wannan hanya tana cikin waɗanda 'yan bindiga suka daɗe suna tare matafiya a kanta, musamman a yankin Tsafe.

A watan Satumban 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan wayar salula a jihar na tsawon makonni. A watan Satumban 2023 kuma, 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu.

A irin wannan yanayi, ayarin matasa da ke tafiya a fili, ba rufi ba kariya, a ranar da aka riga aka sanar, abu ne mai haɗari. Matsalar kuma ba ta tsaya ga wasa ba. Hanyar da za a yi tsere a kanta ita ce dai ake bi zuwa ɗaurin aure da suna da ta'aziyya a ƙarshen mako, don haka tsoron da ke hana wasa shi ke rage ziyarar dangi da abokai.

Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024 domin tallafa wa sojoji da 'yan sanda.

Darasi daga maƙwabta

Burkina Faso na gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, kuma tana cikin manyan gasannin keke na Afirka. Ba a yi ta a 2022 ba saboda halin tsaro, amma aka dawo da ita a 2023.

A 2024, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya lashe zango uku a gasar Tour de France ta Faransa. A shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke na wasannin Olamfik, inda ta yi amfani da keken aro daga tawagar Jamus a wani ɓangare na gasar. A watan Satumban 2025, birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a Afirka.

Irin waɗannan gwanaye daga ƙananan gasanni na gari suke fara fitowa. Akwai kuma tsarin da ba ya buƙatar fita daji: a rufe wasu tituna na cikin gari, mahaya su yi ta kewaya ɗan gajeren zango sau da yawa, 'yan kallo na tsaye a gefe.

Gusau na iya ɗaukar irin wannan gasa. Tsere daga Tsafe zuwa Bungudu kuwa, zai jira ranar da matafiyi zai bi hanyar ba tare da ya fara tambayar labarinta a tasha ba.