Yadda Ake Haɗa Fitilu Masu Jure Ruwa A Kan Layi Ɗaya

A garuruwa irin su Danchadi da ke ƙaramar hukumar Boɗinga, da ƙauyukan da ke wajen Shagari, amfanin fitilar lantarki bai tsaya a cikin ɗaki ba. Ana bukatarta a harabar masallaci, da rumfunan kasuwa, da wurin injin niƙa, da gidan kaji, da bakin famfon burtsatse. Duk waɗannan wurare ne da ruwan damina ke duka daga watan Yuni zuwa Satumba, ƙurar hunturu kuma ta rufe su daga Nuwamba. Kwan fitila na cikin ɗaki ba ya daɗewa a irin wannan waje. Shi ya sa ƙungiyoyin gari da 'yan kasuwa ke haɗa kuɗi su sayi manyan fitilu masu rufaffen gida, irin waɗanda ake sawa a masana'antu.

To, sayen fitila daban, haɗa ta daban. Fitila mai tsada da aka yi wa mummunan haɗi tana iya mutuwa a damina ɗaya. Abin da ya fi haka muni, ƙarfen da aka ɗaura ta a kai yana iya ɗaukar wuta, yaro ya dafa shi da jiƙaƙƙen hannu.

Lambar da ke jikin kwali

Kafin a biya kuɗi, a duba jikin kwali ko jikin fitilar. Za a ga haruffa biyu, IP, sai lambobi biyu. Lamba ta farko tana nuna yadda fitilar ke tare ƙura, ta biyu kuma ruwa. Idan an ga IP65, 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, 5 ɗin kuma na nufin tana jure ruwan da aka fesa mata ta kowane gefe. IP66 ta fi jure feshi mai ƙarfi. IP67 kuwa ko ta faɗa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na ɗan lokaci, ruwa ba ya shiga. Ga harabar masallaci ko rumfar kasuwa, IP65 ta wadatar. Wadda aka rubuta wa IP20 ta cikin ɗaki ce, komai daɗin bakin mai kanti.

Kowace fitila da rabonta

Wutar da ke shigowa gidaje a Nijeriya tana da ƙarfin bolt 230. Kowace fitila tana son wannan ƙarfi cikakke. Saboda haka ba a jera fitilu kamar tasbaha, wato wuta ta shiga ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, har zuwa ta ƙarshe. Idan aka yi wa fitilu 10 irin wannan haɗi, sai su raba ƙarfin a tsakaninsu, kowace ta sami kamar bolt 23. Ba za su kama ba. Kuma da ɗaya ta mutu, duk sauran sun tsaya.

Haɗin da ya dace ya yi kama da hanyar ruwa a fadama. Babbar hanya tana wucewa, kowane fangali yana shan ruwa daga gare ta kai tsaye. Idan an toshe fangali ɗaya, na gaba bai rasa ruwa ba.

Ga yadda abin yake. Wayoyi uku ne ke tafiya tare. Akwai mai ɗauke da wuta, wadda masu sana'a ke kira laif, launinta ja ne ko ruwan ƙasa. Akwai ta dawowa, wato nutural, baƙa ce ko shuɗiya. Ta uku ita ce wayar ƙasa, koriya ko koriya mai ratsin rawaya. A cikin fitila ta farko ana ɗaure ja a mazaunin da aka rubuta L, baƙa a N, koriya a wurin alamar ƙasa. Daga waɗannan mazaunai ne kuma wasu wayoyi uku za su fita zuwa fitila ta biyu, ja ga ja, baƙa ga baƙa, koriya ga koriya. Haka za a bi har ta ƙarshe. Yawancin dogayen fitilun masana'antu suna da ƙofa a kowane kai, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, don wannan aiki. Wadda ta zo da guntuwar wayarta a liƙe, ba a fasa ta. Sai a sa ƙaramin akwatin haɗi mai jure ruwa kusa da ita, a yi haɗin a ciki.

Makunni kuwa a kan jar waya ake sa shi. Idan aka sa shi a kan baƙa, fitila za ta mutu in an kashe, amma wuta tana nan kwance a cikinta tana jiran mai zuwa gyara.

Lissafin nauyi

Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. A ce kwamitin kasuwa ya sayi fitilu 10, kowace mai wat 40. Jimla wat 400 ke nan. Idan aka raba 400 da 230, za a sami abin da bai kai amfiya 2 ba. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 tana ɗaukar wannan cikin sauƙi, tare da bireka mai amfiya 6. Idan layin ya yi nisa ƙwarai, ko ana shirin ƙara fitilu nan gaba, gara a sa mai kaurin 2.5 tun farko, domin doguwar waya siririya tana cinye ƙarfin wuta kafin ta kai ƙarshe.

Akwai abu guda da ke rikita mutane. Fitilun zamani na LED suna fizgar wuta mai yawa a daidai lokacin da aka kunna su, kafin su daidaita. Idan suna da yawa a kan makunni ɗaya, bireka na iya faɗuwa alhali babu abin da ya lalace. Maganin shi ne a raba su gida biyu ko uku, kowane da makunninsa. Wasu sukan cire birekar su ɗaura waya a madadinta. Wannan gayyatar gobara ce. Wanda ya ga yadda wuta ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 ya san yadda take gudu a rumfunan da ke manne da juna.

Masu amfani da batirin sola mai bolt 12 su lura: wat 400 ɗin nan a wurinsu ya haura amfiya 33. Wayar 1.5 ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi har robarta ta narke.

Inda ruwa ke shiga

Da wuya ruwa ya shiga ta gilashi. Ta ƙofar waya yake bi. A kowace ƙofa akwai wani zobe mai zare da roba a ciki, wanda ake murɗawa ya shaƙe waya. Zoben yana kama waya mai zagayayyen jiki ne, guda ɗaya tak. Idan aka cusa masa waya mai faɗi, ko wayoyi biyu tare, dole a bar kafa. Ƙofar da ba a yi amfani da ita ba, a toshe ta da murfinta. A sa waya ta shiga ta ƙasa ko ta gefe, kuma a bar ta ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga, don ruwan da ke bin jikinta ya ɗiga a waje. Wajen rufe murfi a tabbata robar bakinsa ta zauna daidai, ba ta naɗe ba.

Murɗa wayoyi biyu da hannu a naɗe da baƙin tef, shi ne aikin da aka fi gani, kuma shi ne ya fi saurin ɓaci. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Gam ɗin tef yana saki, ƙura ta shiga, ruwan farko ya ƙarasa. A yi amfani da mahaɗi mai kusoshi, a ɗaure tamau. Wayar da za ta bi waje kuma a zura ta cikin bututun roba, kada a rataya ta a kan kwanon rufi, domin bakin kwano yana yanka.

Wayar ƙasa

Wasu masu aiki sukan bar koriyar waya don rage kuɗi, tun da fitila tana kamawa ko babu ita. Amma ita ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan jar waya ta taɓa gidan ƙarfe. Dole ta kai ga kowace fitila, ta kuma haɗu da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa. A ƙara da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa, mai lamba 30mA, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. Tana da maɓallin gwaji a jikinta. A riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ko tana faɗuwa.

Wa zai yi aikin

Har yanzu jama'a na cewa NEPA, amma kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna. Abin da ke bayan mita kuwa nauyin mai wuri ne. Hukumar NEMSA, wadda dokarta ta fito a 2015, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma kwamitin masallaci ko na kasuwa yana da damar neman ganinta kafin ya ba da aiki.

Kafin a taɓa waya, a kashe babban makunni, a cire janareta da inbata, sannan a gwada da testa. Rashin wuta a gari ba hujja ba ce, domin ana iya kawo ta mutum yana kan tsani. Idan an gama, a kunna fitilun a bar su kamar sa'a guda, a kashe, sannan a taɓa akwatunan haɗi. Wanda aka ji ya yi ɗumi, akwai kusar da ba ta ɗauru ba a cikinsa, sai a buɗe a ƙara ɗaurewa.