Shirin Doguwar Tafiya a Kan Keke

Yawancinmu mun iya hawan keke tun muna firamare. Amma zuwa aike cikin gari daban, tashi daga Sarandosa ta ƙaramar hukumar Maiyama a bi ta Jega har Aliero daban. Wanda zai yi irin wannan tafiya karo na fari, ya sani tun daga gida ake cin nasararta.

Da farko mu duba keken. Ko Raleigh ne ko Phoenix, mu kai shi wurin mai gyara kwana biyu kafin tashi, ba ranar tafiya ba. A gwada birkin gaba da na baya, a sa wa sarƙa mai, a ɗaure duk kusoshin da suka yi sako-sako. Tayar da ta suɗe a canza ta. A daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, in ba haka ba gwiwa ce za ta fara kuka. Mu riƙe famfo da sifana da kayan faci, mu kuma koyi yin facin da hannunmu, gama ƙayar aduwa ba ta jira sai an kai wurin mai faci.

Na biyu, mu shirya jiki. Mako uku ko huɗu kafin tafiyar, mu riƙa fita kullum, muna ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a ƙasarmu: rana da ƙishirwa. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Mai tuƙa keke yana zufa sosai, amma iska tana busar da ita, sai ruwan jikinsa ya ragu bai sani ba. Saboda haka mu tashi da asuba, mu huta a inuwa idan rana ta take, mu ci gaba da la'asar. Mu riƙa kurɓar ruwa tun ba mu ji ƙishirwa ba. Idan ɗayanmu ya fara jiri ko ciwon kai, a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya fara ruɗewa, sai asibiti. Guzuri kuwa, fura da dabino da ƙuli-ƙuli sun isa.

Na huɗu, hanya. Manyan motoci suna bin titin Jega dare da rana. Tun 1972 ake tuƙi ta hannun dama a Nijeriya, don haka mu tsaya can gefen dama, ɗaya bayan ɗaya, ba kafaɗa da kafaɗa muna hira ba. Kada mu kama bayan mota don ta ja mu. Aliero ta yi suna wajen albasa da masu ɗorin karaya; gara mu shiga garin don sayen albasa.

A ƙarshe, kada kowa ya tafi shi kaɗai ko ba da izinin iyaye ba. Mu faɗa musu hanyar da za mu bi da lokacin dawowa. Allah ya kiyaye hanya.